Yadda zaka gyara halin ƙaramin kare mai yawan haushi da cizo da fitsari ko'ina

Tambayar yadda za a gyara halin ƙaramin kare ta ƙi ƙarewa, kusan duk wanda ya sayi irin ƙananan karnukan nan, Lhasa Apso ne ko Chihuahua ko Pomeranian ko wannan farin mai gashi da 'yan kasuwa ke cewa Eskimo, bayan wata biyu uku sai kaji ya dawo yana cewa kare ya hana unguwa barci, ko ya kama ƙafar ɗan maƙwabci, ko kuma ya maida ƙofar falo banɗaki. Toh ga yadda ake yi daki daki. Amma tun yanzu in faɗa maka, kaso mafi yawa na aikin nan mutanen gida ne za su canza. Halin da in babban kare ya yi sau ɗaya gida zai tashi tsaye, shi ne ƙarami yake yi kullum ana dariya ana ɗaukarsa a waya, shi kuma a kansa ya gama gane cewa abin yana biya.

Na san da yawa a cikinmu ba a cikin ɗaki suke ajiye kare ba, a tsakar gida yake ko bayan get saboda tsarki. Duk matakan nan suna aiki a hakan.

Kayan da zaka tanada

Ɗamarar ƙirji irin wadda ake zura masa ta ƙafafun gaba, da igiya marar nauyi mai tsawon kamar mita 2. Keji ko ɗan akurki wanda zai iya miƙewa tsaye ya juya a ciki. Kwano 2, na ruwa da na abinci. Abin tauna na roba mai tauri. Sai tukuici, wato dafaffiyar hanta ko tsokar kaza ba gishiri ba yaji, a yanka ƙanana kamar ƙwayar masara.

Wajen kuɗi, abin da ya fi ci shi ne likita da allurai, sai keji in na kanti zaka saya. Mai walda ko kafinta na unguwa zai haɗa maka a ƙasa da haka, kawai ka ce ya goge bakin ƙarfen kar ya yanke shi, kuma kar a yi rufin kwano zalla a ajiye a rana. Ɗamara da igiya ba su da tsada sosai, har a wajen 'yan gwanjo ana samu. Hanta kuwa ta ɗan kuɗi kaɗan zata yi maka kwanaki in akwai firij.

Gargaɗi: kar ka sa masa sarƙar ƙarfe mai shaƙe wuya. Ƙananan karnuka irin su Pomeranian da Chihuahua maƙogwaronsu ba ƙwari, fizga da sarƙa tana iya jawo masa tari mai ƙara mai wuyar magani.

1. Likita tukuna

Kafin kace kare ya yi taurin kai ka tabbata ba ciwo ke cinsa ba, musamman in da can lafiya lau yake kwatsam ya fara cizo. Ƙananan karnuka sun fi manya fama da ruɓewar haƙori saboda bakin ƙarami ne haƙoran kuma a cushe, 42 ne cur kamar na babban kare. Akwai kuma gocewar ƙoƙon gwiwa, zaka ga yana tafiya sai ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi ɗingishi taku biyu uku sannan ya sauke. Ga kaska a cikin kunne da tsakanin yatsu, ga ƙuma, ga tsutsar ciki, ga Lhasa da ake bari gashinsa ya cukurkuɗe ya dunƙule yana jan fata a cikin zafin Afrilu. Karen da ke cikin wannan hali ka kai hannu ka taɓa wurin dole ya kai maka baki.

Ka kai shi asibitin dabbobi na gwamnati na garinku ko na kuɗi, in kana kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU. A duba baki da kunne da gwiwa, a bada maganin tsutsa, a cika allurai. Kwikwiyo yana fara allurar rigakafin da ta haɗa da parvo, wato cutar amai da gudawa ta karnuka, tun yana sati 6 zuwa 8 ana maimaitawa, allurar haukan kare kuma a wata 3, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati, a nan yawanci duk shekara. Ka adana katin nan, ranar da ya ciji wani zaka san amfaninsa.

Gargaɗi: kar ka ba shi paracetamol ko ibuprofen ɗinka don kaga kamar yana jin ciwo. Kare mai kilo 3 ƙwaya ɗaya ta ɗan adam tana iya illata masa hanta ko ƙoda.

2. A zaunar da mutanen gida

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa kuma shi ke rusa sauran. Maigida ya ce kar ya hau kujera, yara su ɗora shi in baba ya fita, uwargida ta kore shi da tsintsiya daga kicin, mai gadi kuma ya riƙa zuga shi a kan almajirai don nishaɗi. Kare ɗaya doka huɗu, wacce zai bi?

A zauna a yanke abu 4 ko 5 kawai: inda aka yarda ya shiga da inda ba a yarda ba, wa ke ba shi abinci, kalmomin da za a riƙa faɗa masa, da cewa ba mai jefa masa loma lokacin cin abinci. Kalmomin su zama iri ɗaya a bakin kowa, in “zauna” ce to “zauna” ce, kar wani ya zo da Turanci wani da Hausa. Shi ba ruwansa da yare, sautin yake riƙewa.

3. Abinci ya koma kan lokaci

A daina barin kwano cike yini guda. Babba sau 2 a rana, kwikwiyo sau 3 zuwa 4 domin ƙananan nan sikarin jininsu yana saurin faɗuwa in suka daɗe ba ci. A ajiye kwano minti 15, abin da ya rage a ɗauke. Amfanin haka biyu ne, zaka san lokacin da kashi zai zo, kuma tukuicinka zai yi daraja a idonsa.

Gargaɗi: kilishi da tsire da balangu ba na horo bane, akwai albasa da tafarnuwa da gishiri a ciki, albasa tana lalata jinin kare. Haka cakulan da inibi da goro, eh goro, masu tofar da shi a tsakar gida su kula. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji. Kuma tukuici kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini, in ba haka ba zaka gyara hali ka samu ƙato mai ciwon gwiwa.

4. Kalmomi huɗu da komai ya rataya a kansu

Sunansa, “zauna”, “zo”, da “wurinka”. Ka samu wuri shiru, minti 5 sau 2 ko 3 a rana ya isa, kafin cin abinci lokacin da yake jin ɗan yunwa.

Ka fara da “yauwa”. Ka ce yauwa ka miƙa masa hanta, ka sake, kamar sau 10 zuwa 15, har ya gane duk sanda yaji yauwa abu mai daɗi na tafe. Daga nan ka riƙe hantar daidai hancinsa ka ɗaga a hankali zuwa bayan kansa, da kansa zai kai gindi ƙasa, yana taɓa ƙasa ka ce yauwa ka ba shi. Sai ya iya yi da hannu sannan ka fara sa kalmar “zauna” kafin motsin hannun. “Wurinka” kuma wata 'yar tabarma ce ko buhu a gefe guda, ka jefa tukuici a kai, ya hau ka ce yauwa, kullum kana ƙara daƙiƙun da zai yi a kai kafin ya samu.

Lokaci shi ne sirrin, tukuici ya zo cikin daƙiƙa 1 zuwa 2 da yin abin. In ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe, to miƙewar ka biya. Kuma ka durƙusa ko ka zauna a kujera 'yar tsugunno, mutum tsaye ya sunkuyo a kan Chihuahua abin tsoro ne a wajenta.

Gargaɗi: kar ka taɓa ce masa “zo” sannan ka dake shi ko ka kulle shi. Sau biyu ya ishe shi ya daina zuwa.

5. Fitsari da kashi

Ka zaɓi kusurwa ɗaya nesa da wurin alwala da wurin wanke-wanke, mai ƙasa ko yashi in da hali. Ka kai shi can da igiya da zarar ya tashi daga barci, bayan ya ci da kamar minti 10 zuwa 20, bayan wasa, da kuma kafin a kwanta. Ka tsaya shiru kar ka yi masa wasa. Yana gamawa, a nan take a wurin, yauwa da hanta. Ba sai kun dawo ƙofar ɗaki ba.

Mafitsararsu ƙarama ce, kwikwiyo ɗan wata 2 ko 3 da wuya ya riƙe fiye da awa 2 zuwa 3 da rana, don haka in ka kulle shi tun safe har la'asar ka dawo ka tarar da ɓarna ba laifinsa bane. Lokacin da ba mai sa masa ido ya zauna a keji, kare ba ya son ɓata inda yake kwana, amma fa keji na ɗan lokaci ne, ba wurin da za a manta da shi ba.

In ka kama shi yana cikin yi, tafa hannu sau ɗaya ka ɗauke shi zuwa kusurwarsa. In bayan ya gama ka gani, ka wanke kawai ka yi shiru. Wannan al'ada ta dangwara masa hanci a cikin fitsari ba ta koya masa komai sai ɓuya, gobe zai je bayan kujera ko ƙarƙashin mota ya yi inda baka gani. A wanke wurin sosai da omo da ruwa a bi da ruwan khal, in warin ya rage hancinsa zai maido shi nan.

Namijin da ya balaga yana ɗaga ƙafa yana ɗiga kaɗan kaɗan a tayar mota da ƙafar kujera, wannan alama yake sawa, daban yake da rashin horo. Dandaƙa tana rage shi a wasu, ku yi shawara da likita. Wanda kuma yake yawan tsugunawa fitsarin na fita da ƙyar ko da jini, asibiti kai tsaye.

6. Haushi

A nan ne yawancin rigima da maƙwabta take. Ka sani ba zaka kashe haushi gaba ɗaya ba, Lhasa ma tun asalinsa a Tibet aikinsa kenan ya sanar cewa baƙo ya iso, kai ma wataƙila don haka ka saye shi. Abin da ake nema ya yi biyu uku ya yi shiru in an ce ya isa.

Da farko ka yi kwana biyu uku kana lura me ke tada shi. Mai ruwa ne da kurarsa, ko almajiri a bakin ƙofa, ko 'yan acaɓa, ko akuyar maƙwabta da yake hangowa ta ƙarƙashin get? Kaga daga wajensa abin yana aiki kullum: mai kura ya zo, ya yi haushi, mai kura ya wuce. Shi a ganinsa shi ya kore shi. Don haka ka toshe inda yake leƙe, a sa falange ko katako a ƙasan get, ko a maida wurin zamansa bayan gida. Wannan kaɗai yana rage hayaniyar a gidaje da yawa.

Sai horon. Ka sa wani yaro ya ƙwanƙwasa get a hankali, kai kana ciki da kare a igiya. Ya yi haushi sau biyu, ka kai hanta daidai hancinsa, ba zai iya shinshina da haushi a lokaci ɗaya ba, yana yin shiru ka ce “ya isa”, ka ƙirga biyu a zuci, yauwa, ka ba shi. A maimaita sau 5 ko 6 a tashi. Washegari ka ƙirga biyar kafin ka bayar, a hankali har ka haɗa da “wurinka”, wato a buga ƙofa ya sanar ya koma kan tabarmarsa ya jira.

Akwai haushin neman a kula shi, yana kallon idonka yana yi. Wannan maganinsa ka juya baya, ba magana ba kallo ba tsawa, sai ya yi shiru sannan ka waiwayo. Kwanakin farko zai ƙara ƙarfi sosai kafin ya sauka, nan ne mutane ke karaya su ce abin bai yi ba su ɗauke shi, shikenan sun koya masa cewa in ya dage zai samu.

Sannan akwai haushin zaman banza. Mutane suna ganin tunda ƙarami ne tsakar gida ta ishe shi. Ina. Ka fita da shi minti 20 zuwa 30 da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ka bar shi ya shinshina abin da yake so. Ka taɓa kwalta ko siminti da bayan hannunka tukuna, in ya ƙona ka zai ƙona tafin ƙafarsa. Kwikwiyon da bai gama allura ba kuma kar a sauke shi inda karnukan titi ke yawo.

Gargaɗi: tsawa ba ta hana haushi, ji yake ka shigo kana taya shi. Abin wuya mai jan lantarki ko watsa masa ruwan barkono kuwa zai iya sa shi shiru yau, amma tsoron da ke ƙasa yana nan yana ƙaruwa.

7. Gurnani da cizo

Ka raba gida biyu. Kwikwiyo mai wata 3 zuwa 6 yana famfara, dasashinsa na ƙaiƙayi, zai ciji hannu da bakin zani da silifas. Haƙori na taɓa fata ka tsaida wasa ka miƙe ka bar wurin rabin minti, ka dawo ka miƙa masa abin taunarsa. A hana yara wasan kokawa da hannu da shi da wasan tsere suna ihu. Wanda aka raba da uwarsa kafin sati 8 ya fi wannan matsala domin a wajen 'yan uwansa yake koyon sassauta baki, kuma masu saidawa da yawa suna fito da su tun suna sati 5 ko 6, ka kula in zaka saya.

Na biyu shi ne babban da ke gurnani da gaske, kuma yawancinsu tsoro ne. Ka duba kafin ya kai baki: yana lasar leɓe, yana hamma ba barci ba, ya kau da kai, ya kwantar da kunne, ya cusa wutsiya, jikinsa ya sandare. Duk ya faɗa maka a bar shi, ba wanda ya saurara saboda ana iya sure shi da hannu ɗaya. Sai ya gano haƙori ne kaɗai ake ji.

Saboda haka kar ka dake shi don ya yi gurnani. In ka kashe gurnanin ka cire gargaɗin ne, gaba zai ciji ba sanarwa. Ka ja baya, ka gano me ya jawo, sannan ka yi aiki a kan abin daga nesa. In baƙi yake tsoro, baƙo ya zauna kar ya kalle shi kar ya miƙa hannu, kai kuma daga inda karen yake iya ganin baƙon bai tashi hankali ba kana ba shi hanta. Kullum a matso taku ɗaya. Ya fara gurnani, kun yi sauri, ku koma baya. In a kan kwano yake yi, a daina sa masa hannu a abinci don gwaji, a maimakon haka ka wuce ta gefe ka jefa abin da ya fi na kwanon daɗi ka yi gaba. In ya ɗauki abin da bai kamata ba, musaya za a yi da tukuici, kar a bi shi da gudu.

Wani kuskure da mata da yara suka fi yi, kare na yi wa baƙo haushi sai a sure shi a rungume ana lallashi. A bar ƙafafunsa huɗu a ƙasa, a janye shi da igiya zuwa wurinsa. In dole sai an ɗauka, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a gindi, ba a ɗaga shi ta ƙafafun gaba ko ta fatar wuya. Macen da ta shiga lokacin barbara, wanda ke zuwa kusan sau 2 a shekara, ko mai shayarwa, halinta kan canza, a rage matsa mata. Yaro ƙarami kuwa kar a bar shi da kare su biyu ko da minti ɗaya, komai ƙanƙantar karen, tsayin bakinsa daidai fuskar mai rarrafe yake.

Gargaɗi babba: in cizo ya fasa fata, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, sannan a tafi asibiti ranar, a tafi da katin allurar karen. Kar a tsaya sa toka ko ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na haukan kare da ke kama mutane daga karnuka yake, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba a tashi. Karen a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa. Wanda ya canza hali farat ɗaya yana dalalar da miyau yana cizon duk abin da ya gani kuma bai da allura, wannan ba maganar horo bace, kar a taɓa shi, a kira likita.

8. Tsalle a jikin mutane da tauna takalma

Wannan mai sauƙi ne in an yi mataki na 4. Ya yi tsalle, a juya masa baya, ya sauke ƙafa ya zauna, a kula shi. Baƙon da ba ya son kare ya taɓa masa kaya yana da gaskiya, ka sa igiya ko ka tura shi wurinsa kafin a buɗe ƙofa. Takalman bakin ƙofa da buta da wayar caja a ɗauke su sama na 'yan watanni. Kar ka ba shi tsohon silifas ya tauna, ba zai bambance shi da sabon takalmin Sallah ba.

9. Kuka in an bar shi, da tsoron ƙara

Ƙananan nan suna manne wa mutum ɗaya, yana fita sai kuka da yaƙushin ƙofa. Ka koya masa zama shi kaɗai tun kana gida: ka sa shi a keji da abin tauna, ka fita minti 1 ka dawo, sai 3, sai 10, sai rabin awa, kana dawowa lokacin da yake shiru. Fita da dawowa ba dogon sallama ba ɗoki. Na kukan dare a makon farko, a matso da kejin kusa da inda zai ji motsin mutane, a fitar da shi fitsari sau ɗaya a maida ba wasa.

Tsawar farkon damina da abin fashewar da yara ke bugawa a Disamba suna firgita su sosai. A ba shi lungu mai duhu ya shige, a rufe get da kyau don a irin daren nan suke ɓacewa, kuma kar a ajiye kejinsa kusa da janareto, ga ƙara ga hayaƙin da ke iya kashe shi.

10. In abin ya ƙi

Zauna da zo suna kamawa cikin 'yan kwanaki, fitsari yakan ɗauki makonni zuwa 'yan watanni, tsoro da cizo sun fi kowanne jan lokaci, musamman in karen ya wuce wata 3 na farkon rayuwarsa a kulle bai ga mutane ba. Tsoho ma yana koyo, a hankali ne dai. In ka yi wata guda cur kowa a gida yana bin doka baka ga ko ɗan sauƙi ba, ko cizon yana ƙara zurfi, ka koma wajen likita ya sake dubawa ya haɗa ka da mai horo.

Mai horon kuma ka tambaye shi ya nuna maka yadda yake yi a gabanka kafin ka biya ko sisi. In ya fito da bulala ko sarƙar shaƙewa, ko ya ce ka bar masa karen sati 2 ba zuwa dubawa, ka nemi wani. Ka fi son wanda zai zo gidan ya koya wa yara da mai gadi tare da kai, kuma ku yi ciniki a kan kowane zuwa maimakon ka biya kuɗin wata gaba ɗaya.